Dokar 1-3-7, agogon da Chaina ta saka wa maleriya

Wai mene ne 1-3-7 ɗin nan? Lissafin kwanaki ne. Chaina ce ta fito da tsarin a 2012, bayan da ta ɗaura ɗamarar raba ƙasarta da maleriya kwata-kwata.

Ɗaya na nufin duk asibitin da ya gwada jini ya ga maleriya, dole rahoto ya shiga kwamfutar hukuma cikin awa 24, ba a rubuta a rajista a jira ƙarshen wata ba. Uku kuma, kafin kwana 3 su cika an sake duba jinin, an zauna da mara lafiyar ana tambayarsa, ina ka kwana a makonnin nan, ka tsallaka boda ne? Da amsarsa ake gane ko daga waje ya kwaso ciwon ko sauron gida ne ya cije shi, in kuwa sauron gida ne to akwai aiki ja. Bakwai, cikin sati guda a shiga unguwar, a gwada mutanen gidan da maƙwabta, a yi feshi a bango in da buƙata.

To gaggawar ta mece ce? Sauro in ya sha jinin mai ciwo ba nan take yake yaɗawa ba, sai ƙwayar ta yi wajen kwana 10 zuwa sati biyu a cikinsa tukuna, to da wannan 'yar tazarar ake tsere, rahoto ya makara sauro ya riga ku.

Ni a ganina bakwai ɗin ne mai wuya. Danna kwamfuta ba komai bane, amma kai tawaga wani ƙauyen kan dutse a lardin Yunnan na Chaina, bakin iyakar Myanmar, ana tsaka da damina, nan ake gane ma'aikaci. Kuma fa tsarin na wurin da ciwon ya yi ƙaranci ne, don a wurin da asibiti ke ganin ɗaruruwan masu ciwon a rana wa zai bi kowa gida?

A 2013 masu haƙar zinare suka koma gundumar Shanglin ta Chaina daga Ghana, sama da mutum 800 ɗauke da maleriya, aka bi su da gwaji da magani, ciwon bai samu gindin zama ba. Daga 2017 Chaina ba ta sake ganin wanda ya kamu a cikin gida ba, a watan Yunin 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar ta rabu da maleriya. Har yau matafiya na shigowa da ita, shi yasa ba a daina ƙirga kwanakin ba.