Me Ake Nufi da "Imfirintin" a Littattafan Halayyar Dabbobi?

Da wuya ka buɗe littafin da ke magana kan halayyar dabbobi ba ka ci karo da hoton wani dattijo mai furfura ba, yana tafe, 'ya'yan dinya na biye da shi a jere. Konrad Lorenz ke nan, masani ɗan ƙasar Ostiriya. Abin da hoton ke nunawa shi ake kira imfirintin. Kalmar Turanci ce, imprinting, fassarar kalmar Jamusanci Prägung, wato buga tambari a jikin kuɗin ƙarfe, don haka a Hausance za mu iya cewa bugun tambari.

Ma'anarsa ita ce wani irin koyo mai saurin gaske da ke faruwa cikin ɗan taƙaitaccen lokaci bayan ƙyanƙyasa, inda ɗan tsuntsu ke riƙe kamannin abin da ya gani yana motsi, ya ɗauke shi uwa, ya bi shi duk inda ya nufa. Ba a ba shi abinci ya zama lada, ba a hore shi ba. Gani da bi kawai.

An fi samunsa a tsuntsayen da ke fita daga ƙwai da ido buɗe, su tashi da ƙafarsu cikin 'yan sa'o'i, irin su kaza da agwagwa da dinya. Wanda zai bar sheƙa tun ranar farko dole ya san wa zai bi. A daji abin da ya fara gani kusan kullum uwarsa ce, shi ya sa dabarar ba ta cika kuskurewa ba, sai ɗan Adam ya sa hannu.

Ba Lorenz ne ya fara lura da abin ba. Douglas Spalding a Ingila ya bayyana shi a 'yan tsaki tun 1873. Lorenz ne dai ya fito da shi fili a rubutunsa na 1935, kuma a 1973 ya raba kyautar Nobel da Niko Tinbergen da Karl von Frisch. Mai awon lokacin kuwa shi ne Eckhard Hess na Jami'ar Chikago, wanda ya riƙa sa 'ya'yan agwagwa suna bin gunkin agwagwa da ke zagaya fili. Ya ga tambarin ya fi kamawa tsakanin sa'a 13 zuwa 16 bayan ƙyanƙyasa. Daga nan sai tsoro ya fara shiga, ɗan tsuntsun ya riƙa gudun duk baƙon abu maimakon binsa.

Nan ne littattafan da ake rubuta wa jama'a ke yawan zarce gona da iri. Za ka ji an ce "abu na farko da ya gani, har abada". Duka biyun da gyara. Ƙofar koyon ba rufewa take yi garam ba, a hankali take rufuwa, kuma ɗan tsakon da aka ajiye cikin duhu yakan daɗe bai rufe ta ba. Sannan ba da kai fayau yake zuwa ba. Binciken Gabriel Horn da abokan aikinsa a Kambirij ya nuna ɗan tsako na da karkata ta asali ga siffar kai da wuya irin na kaza. Su ne kuma suka gano wani yanki a ƙwaƙwalwar gaba, da ake taƙaita sunansa IMM, wanda in aka lalata shi tambarin ba ya kamawa.

Akwai nau'i na biyu da ke bayyana sai an girma: tsuntsu yakan nemi abokin barbara mai kama da wanda ya rene shi. Wannan ne ciwon kan masu kiwon tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Wanda ya shaƙu da mutum sau da yawa ba ya kula tsuntsaye irinsa, ba ya kuwa hayayyafa. Shi ya sa masu renon ungulun Kalifoniya ke ciyar da 'ya'yan da 'yar tsana mai siffar kan uwar, suna ɓoye a bayan labule. Masu renon wani farin gauraka na Amurka kuwa rufe jikinsu suke yi ruf, ba sa magana, har daga 2001 zuwa 2015 suka riƙa jan tsuntsayen da ɗan ƙaramin jirgin sama daga Wiskonsin zuwa Fulorida don koya musu hanyar ƙaura.

A kula, in ka ga kalmar a littafin ƙwayoyin gado, wani abu ne dabam: can ana nufin ƙwayar gadon da ke aiki ko ta yi shiru gwargwadon daga uwa ta fito ko daga uba.