Shin Kiɗan Heavy Metal na Bautar Shaiɗan Ne?

An daɗe ana ɗauka cewa domin bautar Shaiɗan aka ƙirƙiro kiɗan heavy metal, wani salon kiɗan Turawa mai nauyin sauti da ƙarar jita, alhali tarihinsa bai nuna haka ba. Tushensa yana birnin Birmingham na Ingila, inda wasu samari huɗu 'ya'yan talakawa suka haɗu a 1968, suka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama Black Sabbath. Sunan ma daga wani fim mai ban tsoro suka aro shi, kuma Geezer Butler, wanda ya rubuta yawancin baitocinsu, a gidan Katolika ya tashi, ya fi yin gargaɗi kan Shaiɗan da yaƙi.

Nauyin sautin kuwa yana da nasaba da haɗari: injin masana'anta ya datse wa Tony Iommi, makaɗin jitar ƙungiyar, kan yatsu biyu, sai ya riƙa sassauta tsirkiyar jitarsa domin rage zafi, amonta ya ƙara kauri. Alamar ƙaho da ake yi da yatsu, wadda ta fi komai tayar wa mutane hankali, mawaƙi Ronnie James Dio ne ya yaɗa ta bayan ya shiga ƙungiyar a 1979, kuma wurin kakarsa 'yar asalin Italiya ya koye ta a matsayin kariya daga mugun ido.

Zargin dai yana da ɗan tushe a wani reshen kiɗan da ake kira black metal, domin wasu mawaƙansa a Norway sun ƙona majami'u a farkon shekarun 1990, amma reshe ɗaya ne cikin rassa masu yawa, ciki har da na Kiristoci irin su ƙungiyar Stryper ta Amurka.