Yadda lasisin fitar da bindigogi ke juya akalar kamfanonin Jamus

Me ya hana kamfanin ƙera bindigogi sayar wa duk wanda ya zo da kuɗinsa?

A Jamus bindigar yaƙi ba ta ƙetare iyaka sai da izinin gwamnatin tarayya, bisa dokar kula da makaman yaƙi ta 1961. Kafin a ba da lasisi, dole mai saye ya sa hannu a takardar da ke bayyana wanda makamin zai tsaya a hannunsa, tare da alkawarin ba za a miƙa shi ga wani ba. Cinikin da ya shafi siyasa kuwa yakan je gaban wani kwamitin ministoci da shugaban gwamnati ke jagoranta, wanda ke zamansa a asirce. Saboda haka kamfani zai iya samun kwangila, ya tanadi kayan aiki da ma'aikata, sannan ya zauna jiran izinin da ba shi da ranar fitowa.

Wane hukunci ke kan wanda ya saɓa sharaɗin?

Tsakanin 2006 da 2009 kamfanin Heckler & Koch ya sayar wa Meziko dubban bindigogi ƙirar G36, da sharaɗin kada su shiga jihohin Guerrero, Chiapas, Chihuahua da Jalisco, inda ake zargin 'yan sanda da cin zarafin jama'a. Sun shiga duk da haka, har an same su a hannun 'yan sandan garin Iguala da ke jihar Guerrero, inda ɗalibai 43 suka ɓace a 2014. A 2019 wata kotu a Stuttgart ta yi wa tsofaffin ma'aikata biyu ɗaurin je-ka-gyara-halinka, ta kuma umarci a karɓe Yuro miliyan 3.7 daga kamfanin. A ganina hukuncin ya yi sauƙi idan aka auna shi da rayukan da abin ya shafa, amma ya nuna cewa kotu na iya ƙwace kuɗin cinikin gaba ɗaya, ba riba kaɗai ba, kuma wannan ne abin da masu hannun jari suke tsoro.

Yaya kamfanin ya sauya kasuwancinsa?

Tun a 2016 ya sanar cewa zai taƙaita sababbin kwangiloli ga ƙasashen Tarayyar Turai da na ƙungiyar tsaro ta NATO da makamantansu, inda lasisi ke fitowa ba tare da ja-in-ja ba. A shekarar ce Faransa ta zaɓi bindigarsa HK416 don maye gurbin FAMAS, bindigar da sojojinta ke amfani da ita, lamarin da ya sauƙaƙa masa haƙura da kasuwannin Gabas ta Tsakiya.

Kowane kamfani ne ya bi wannan hanya?

A'a. Kamfanin Sig Sauer ya aika fistol sama da 38,000 zuwa reshensa na Amurka da sunan can za su tsaya, amma aka wuce da su Kolombiya, kuma a 2019 kotun Kiel ta umarci a karɓe kimanin Yuro miliyan 11. Shekara guda bayan haka ya rufe masana'antarsa ta Eckernförde, aikin ƙira ya tattara a jihar New Hampshire, inda tun 2017 yake da kwangilar samar wa sojojin Amurka fistol. Dokar ta hukunta laifin, amma masana'antar ta koma inda lasisin Jamus ba ya aiki, kuma wannan gibi ne da ƙasa ɗaya ba za ta iya toshewa ita kaɗai ba.

Me ya sa ba a kafa masana'antar a ƙasar mai saye?

A da haka ake yi. An ba Iran, Pakistan, Turkiyya da Saudiyya izinin ƙera bindigar G3, daga nan Jamus ta rasa iko da inda bindigogin ke zuwa. Ƙa'idojin da gwamnatin Jamus ta fitar a 2015 sun hana ba da izinin kafa sababbin masana'antun ƙananan makamai a ƙasashen da ba na ƙawance ba, sun kuma tanadi zuwa duba makaman bayan an kai su.

Shin wannan ya shafi Afirka ta Yamma?

Ya shafe ta, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta haramta shigo da su sai da takardar sahalewar ƙungiyar. Kamfanin da ke son sayar wa sojojin Nijeriya yana buƙatar lasisin ƙasarsa, ita kuma Nijeriya tana buƙatar wannan takarda kafin kaya su sauka.