Tsofaffin gine-ginen tsakiyar Maraɗi

Tsofaffin gine-ginen tsakiyar Maraɗi su ne fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da filin ƙofarta, da zaurukan gidajen ƙasa na tsofaffin unguwanni, da mangazoji (ɗakunan ajiyar kaya) da kantunan da aka gina lokacin cinikin gyaɗa. Mafi yawansu ba su girmi shekarun 1940 ba, ko da yake garin ya girme su nesa ba kusa ba. Ana amfani da wasunsu wajen taruwar jama'a, kamar hawan salla, ɗaurin aure, karatun allo da zaman hira.

Tarihi

Sarakunan Haɓe na Katsina ne suka mayar da Maraɗi mazauninsu bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raba su da birninsu wajen 1807. Ana danganta kafa sarautar da Ɗan Kasawa, a wajajen 1819, kuma shi ya sa har yau sarkin yake riƙe da sunan Katsina. Garin farko yana cikin fadamar Gulbin Maraɗi ne, kewaye da ganuwa, ba da nisa da Tsibiri ta Gobirawa ba. Ya yi ƙarfi sosai zamanin Ɗan Baskore, a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, lokacin da ake ta kai wa juna hari da masarautun da ke bin Sakkwato.

A 1945 gulbi ya cika ya batse, ruwa ya ci garin, gidajen ƙasa suka zube. Hukumar Faransa ta tashi mutane daga kwari ta mayar da su kan tudu, ta yanka tituna miƙaƙƙu masu gilma juna, ta raba filaye. Mutane sun hau tudun da sunayen unguwanninsu, irin su Bagalam, Mokoyo, Maradawa, Limanci da Ɗan Gulbi, aka sake gina fada. Saboda haka abin da ake kira tsohon gari yau, sabon gari ne ga waɗanda suka ga ambaliyar.

Bayan tashin nan ne gyaɗa ta ɗaga garin. Kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA sun buɗe kantuna, suna ba dillalai kuɗi su shiga ƙauyuka da kaka su sayo gyaɗa, a auna a ɗura a buhu a jibge. Daga cikin dillalan nan wasu Alhazan Maraɗi, wato manyan attajiran garin, suka fito. A 1962 gwamnatin Nijar ta kafa SONARA, kamfaninta na cinikin gyaɗa, ta karɓi harkar. Farin 1973 zuwa 1974 ya karya noman gyaɗa, 'yan kasuwa suka karkata ga fatauci da Najeriya ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya.

Irin ginin

Gidajen gargajiya da tubali da laka ake yin su, a jera azara a rufe da ƙasa, a sa indararo don zubar ruwan sama. Zaure shi ne fuskar gida: ƙofa ɗaya waje, ɗaya ciki, kuma ba a sa su daidai da juna don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Katangar tana da kauri, shi ya sa zaure yake da sanyi ko da rana ta take a watan Afrilu. Mangazojin 'yan kasuwa kuwa dogaye ne, da siminti da rufin kwano da manyan ƙyamaren ƙarfe.

Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina. Idan aka shafe shi da siminti don a huta, danshi yakan maƙale a ciki, bango ya riƙa ruɓewa ba a sani ba, sai ran da ɓawon ya ɓalle. Gara tana cin azara. Rabon gado ma yana cin gidaje, domin magada sukan gwammace a rushe a yanka shaguna a bakin titi.

Amfani a yau

Ƙofar fada ce ta fi riƙe aikinta na asali: can ake gaisuwar sarki, can dawaki suke taruwa da salla. Zauruka da yawa sun zama makarantun allo ko wurin ɗinki, kuma tun shekarun 1990 samari suke kafa fada, wato majalisar hira, a bakinsu, da benci da butar shayi a kan gawayi. Manyan bukukuwa sun fi komawa gidan raya al'adu da filin kokawa, waɗanda sababbin gini ne.

Wuraren kiɗa da rawa a tsakiyar gari abin jayayya ne tsakanin malamai da masu su. A Nuwamban 2000 an kai wa wasu hari yayin zanga-zangar adawa da FIMA, bikin nunin tufafin zamani na Afirka.

Doka

Nijar tana da dokar kare kayan tarihi ta 1997. Shirin Maraɗi Kwalliya na bikin ranar Jamhuriya, 18 ga Disamba 2015, ya fi ba da ƙarfi ga tituna da sababbin gine-gine.