Wasiƙar 1545 da ta sassauta hukuncin kuɗin ruwa a Turai

Duk lokacin da muhawarar bankin da ba ya karɓar ruwa ta taso, sai ka ji ana magana kamar Kiristocin Turai sun tashi ne sun tarar da ruwa halal. Ba haka abin yake ba. A 1179 taron Lateran na Cocin Katolika ya hana wanda ya shahara da cin riba Jibin Ubangiji (ibadar cin gurasa da shan ruwan inabi a coci) da jana'izar Kirista. Martin Luther, jagoran Furotesta da suka rabu da Cocin Katolika, shi ma bai ɗaga ƙafa ba: ya yi wa'azi a kanta a 1519 da 1520, a 1540 kuma ya buƙaci fastoci su yaƙe ta. Zabura ta 15 tana hannunsu, wadda ta ce adali shi ne mai cika rantsuwa ko da za ta cutar da shi, wanda ba ya ba da kuɗinsa da ruwa.

Inda akalar ta karkata shi ne wata wasiƙa da John Calvin, wani babban malamin Furotesta, ya aika wa abokinsa Claude de Sachin daga Geneva a 1545. Ya ce hanin cin ruwa da ke sura ta 23 ta littafin Maimaitawar Shari'a a Attaura dokar zaman Isra'ila ta dā ce. Ya kuma yi watsi da tsohuwar hujjar cewa kuɗi ba ya haihuwa: wanda aka kulle a akwati ne bakarare, wanda aka sayi gona da shi yana kawo amfani.

Amma ya gindaya sharuɗɗa masu tsauri. Ba a karɓar ruwa daga matalauci. Wanda ya ci bashin dole ya samu ribar da ta kai ta mai kuɗin ko ta fi. A duba maslahar jama'a, kada a wuce iyakar da doka ta sa. Shi kansa ya bayyana fargabar mutane za su riƙe izinin su yar da linzamin, kuma sai bayan rasuwarsa aka buga wasiƙar.

Fargabar tasa ta tabbata. Alƙali na iya lissafa kashi nawa aka ɗora kan uwar kuɗi, amma ta yaya zai auna ko buƙata ce ta kawo mai cin bashin, ko fatauci? Shi ya sa sharaɗin lamba kaɗai ya shiga kundin doka. Ingila ta halatta kashi 10 a 1545, ta soke a 1552. Dokar 1571 ta tsananta hukunci kan abin da ya haura goman, 'yan kasuwa suka mai da goman farashi. A 1624 aka rage shi zuwa 8.