Musayar yen da yuan: abin da yarjejeniyar Japan da Sin ta ƙunsa

Duk da tsamin da ke tsakanin Sin da Japan, babban bankin Sin da babban bankin Japan sun ƙulla yarjejeniyar musayar kuɗaɗensu, wato yuan na Sin da yen na Japan, a ranar 26 ga Oktoban 2018, lokacin da firaministan Japan Shinzo Abe ya kai ziyara Beijing. Wa'adinta shekara uku ne, an kuma sabunta ta a 2021 da 2024.

Ga yadda take aiki. Idan bankunan Japan da ke hulɗa da Sin suka rasa yuan ɗin da za su biya bashin da ya zo wuya, har ana fargabar matsalar ta girgiza harkar kuɗi a gida, babban bankin Japan zai miƙa wa takwaransa na Sin yen, ya karɓo yuan, ya ba waɗannan bankuna rance. Idan wa'adi ya cika, kowa ya mayar wa ɗan'uwansa kuɗinsa a kan farashin da aka yi tun farko, da ruwan da aka amince. Iyakar abin da za a iya musaya yuan biliyan 200 ne, ko yen tiriliyan 3.4. Dala ba ta shiga tsakani.

Wasu na ɗaukar abin kamar tallafi ko jari. Babu ɗan kasuwar da zai shiga babban banki ya ce a ba shi rabonsa. Tanadi ne na ranar tsiya, kamar tulun ruwan da ake ajiyewa don gobara.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda siyasa ta taɓa kashe ta. Akwai tsohuwar yarjejeniya tun 2002, ta kimanin dala biliyan 3. A watan Satumban 2012 gwamnatin Japan ta sayi wasu daga cikin tsibiran da take kira Senkaku, Sin kuma ke kira Diaoyu, aka yi ta zanga-zanga a biranen Sin ana farfasa motocin Japan. Da wa'adin yarjejeniyar ya ƙare a 2013, ba wanda ya sabunta ta, sai bayan shekara biyar.

Mu ma mun ga irinta. A 2018 ɗin, Babban Bankin Najeriya ya ƙulla tasa da Sin, ta yuan biliyan 15, wato naira biliyan 720 a lokacin. Ta Najeriya kuwa don sauƙaƙa wa masu shigo da kaya daga Sin aka yi ta, su biya da yuan maimakon neman dala.