Ziyarar ƙauyen kakanni a wata ƙasa: tambayoyi da amsoshi ga masu shirin tafiya ayari

Miliyoyin mutane a duniya an haife su a wata ƙasa, amma asalin gidansu yana wata. Kakannin wasu neman abinci ne ya fitar da su, wasu yaƙi ko yunwa, wasu kuwa a ɗaure aka tafi da su. Bayan shekara 50 ko 100 sai jikoki da tattaɓa-kunne su haɗa kuɗi, su yi ayari, su tafi neman ƙauyen da aka baro da dangin da suka rage. Ga tambayoyin da masu wannan niyya suka fi yi.

Ina bambancin wannan tafiya da yawon buɗe ido?

Mai yawon buɗe ido wuri ya je gani. Mai neman tushe kuwa gidan mutane zai shiga, mutanen da ke da ayyukansu da damuwarsu, da nasu labarin yadda aka rabu, wanda sau da yawa ya saɓa da labarin da aka ba shi tun yana yaro. A ganina duk shirin tafiyar daga nan ya kamata ya fara.

Gwamnatoci sun daɗe da gane yawan masu wannan buri. Ƙasar Ayalan (Ireland) ta ware shekarar 2013 don kiran 'ya'yanta na ƙetare su zo gida. Gana ta yi Shekarar Komowa a 2019, daidai cika shekara 400 da sauke bayi 'yan Afirka a Virginia ta Amurka a 1619. Italiya ma ta ware 2024 ga zuriyarta da ke waje. Irin waɗannan shirye-shirye ƙasar kawai suke kai mutum. Ƙofar gidan kakansa shi zai nemo da kansa.

Mun san ƙasar, amma ba mu san ƙauyen ba. Daga ina za mu fara?

Daga tsofaffin da ke gidanku, kuma yau, ba sai an sayi tikiti ba. A zauna da kaka ko goggo ko kawu, a kunna na'urar ɗaukar murya, a bar su su yi ta magana. Kada a tsaya kan sunan ƙauye kaɗai. A tambayi kogin da ke kusa, kasuwar da ake ci, tafiyar kwana nawa ce zuwa tashar jirgi, laƙabin gidan, sunayen 'yan'uwan da aka bari. Tsoho yakan manta sunan gunduma amma ya tuna cewa akwai gada kafin a shiga garin. Bayan haka sai a juya tsofaffin hotuna a duba bayansu, a buɗe ambulan ɗin wasiƙu a karanta hatimin gidan waya, a je maƙabarta a karanta abin da aka rubuta a kan kabari.

Sai takardun hukuma. Sama da mutum miliyan 12 suka shiga Amurka ta tsibirin Ellis a New York, inda ake tantance baƙi, tsakanin 1892 da 1954, kuma jerin sunayen fasinjojin jiragen yana nan ana iya dubawa ta intanet. Daga 1907 jerin ya ƙunshi suna da adireshin ɗan'uwa mafi kusa da fasinja ya bari a gida, wanda sau tari shi ne sunan ƙauyen da ake nema. Zuriyar Indiyawan da Turawan Ingila suka kwasa zuwa gonakin rake, Mauritius daga 1834, Trinidad daga 1845, Fiji daga 1879, su ma suna da abin kamawa, domin takardar fitar kowane lebura tana ɗauke da sunansa, sunan mahaifinsa, gundumarsa da ƙauyensa. Fiji kaɗai an kai mutum sama da 60,000 zuwa 1916.

Amma a yi hattara da takarda, ita ma tana ɓatar da mutum. Bayan dokar 1882 da ta hana leburorin Sin shiga Amurka, da gobarar da ta biyo girgizar ƙasar San Francisco a 1906 ta cinye rajistar haihuwa, samari da yawa sun shiga ƙasar da sunan wani mutum da ba mahaifinsu ba. Jikokinsu har yau suna amsa sunan aro. Sunan gidan na gaskiya, da gunduma da ƙauye, galibi a kan dutsen kabari ake samun su da rubutun Sinanci, domin a nan ba a tsoron jami'in shige da fice. Sunayen garuruwa ma suna sauyawa idan iyaka ta gusa. Birnin Lviv na Yukren shi ne Lemberg a zamanin mulkin Ostiriya, shi ne Lwów a hannun Polan. Sannan a ƙasa ɗaya ana iya samun ƙauyuka goma masu suna iri ɗaya, shi ya sa kogin nan da gadar nan da tsohuwa ta ambata suke da daraja.

Idan takardun sun salwanta, ko tun farko ba a rubuta ba fa?

A Ayalan, gobarar da ta kama ma'ajiyar takardun gwamnati a Dublin a 1922 ta cinye yawancin bayanan ƙidayar jama'a na 1821 zuwa 1851. Masu bincike sai suka koma ga rajistar coci, takardun filaye, da ƙidayar 1901 da 1911 da suka tsira, waɗanda aka sa a intanet kyauta. Inda aka yi asarar takarda ɗaya, yawanci akwai wata a gefe.

Lamarin zuriyar bayi ya fi wannan ciwo. Kimanin mutum miliyan 12 da rabi aka loda a jiragen da suka tsallaka tekun Atlantika, kuma littattafan jiragen adadi suke rubutawa, ba suna ba. A Amurka sai a ƙidayar 1870 aka fara rubuta mafi yawansu da sunayensu. Gwajin ƙwayoyin halitta na DNA yana taimakawa, amma a san iyakarsa: yana kwatanta mutum ne da mutanen yau da aka ɗauki samfurinsu, sai ya nuna yanki ko al'umma. Ba ya nuna ƙauye. Saboda haka ayarin irin waɗannan mutane yakan nufi kurkukun Elmina da Cape Coast a Gana, ko rafin Assin Manso inda ake wa bayi wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓar teku, ko tsibirin Gorée a Senegal. Ni dai ina ganin wannan cikakkiyar komowa ce, kuma ta fi mutunci a kan a bar wani ɗan rakiya ya zaɓa wa mutum ƙauye don ya faranta masa rai.

Me ya sa sai ayari? Mutum ba zai tafi shi kaɗai ba?

Zai iya. Amma ayari yana raba kuɗin mota da na tafinta, hukumomin yanki sun fi saurin buɗe wa ƙungiya ƙofa, kuma ranar da mutum ya tsaya a gaban gidan da aka haifi kakansa yana bukatar wanda zai dafa kafaɗarsa. A San Francisco, masanin tarihi Him Mark Lai da abokin aikinsa Albert Cheng sun kafa wani shiri a 1991 da ke kai matasa 'yan asalin Sin ƙauyukan kakanninsu a lardin Guangdong. Abin koyi a shirin shi ne matasan suna shafe watanni suna bincike kafin su tashi.

Illar ayari ita ce yawa. Mutum 40 a babbar mota su sauka ƙofar gida ɗaya, mai gida ya rasa wanda zai gaisa da shi da inda zai zaunar da su. Ranar shiga ƙauye a rarrabu: wanda ƙauyen kakansa ne, tafinta, mai ɗaukar hoto, mai rubuta sunaye. Shi wanda ƙauyen kakansa ne kada ya riƙe waya, ya zauna ya yi magana da mutanensa. Kuma kada a cusa ƙauyuka uku a wuni ɗaya.

Za mu iya zuwa ba tare da sanarwa ba, don mu ba su mamaki?

A'a. Zumunci a ƙafa yake, gaskiya ne, amma zumuncin da ya yanke shekara 80 da sallama ake sake ƙulla shi. A aika saƙo tun da watanni ta hannun wanda mutanen ƙauyen suka yarda da shi, shugaban ƙauye ne, malamin makaranta ne, jagoran addini ne, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma. A faɗi ko su wane ne ku, wa kuke nema, ku nawa ne, da tsawon lokacin da za ku yi.

Akwai kuma maganar da dole a faɗa ƙarara tun a saƙon farko, ita ce ba gado kuka zo nema ba. Baƙon da ya taso daga nesa yana tambayar gidan kakansa da gonarsa, a zuciyarsa kewa ce. A kunnen wanda ya shekara 40 yana noma gonar kuwa, tambayar tana kama da share fagen shari'a. Ziyara da yawa sun yi sanyi a kan wannan zargi, alhali baƙin ba su ma san an zarge su ba. Wanda kuma da gaske yana da haƙƙin da yake son bi, ya ware masa wata tafiya da lauya, kada ya haɗa shi da ziyarar zumunci.

Ga kuma tsohon miki. Wataƙila wanda ya tafi ya bar mata da ɗa bai waiwaye su ba, ya je can ya yi sabon iyali, ku ne zuriyar sabon iyalin. Wataƙila bashi ya gudar wa. Waɗanda aka bari suna da haƙƙin ba da labarin yadda suka sani, ku kuma ku saurara ba tare da kāre kowa ba.

Yaya za mu tabbatar danginmu ne na gaskiya?

Kada ku zazzage duk abin da kuka sani a zaman farko. Ku faɗi sunan kakanku, ku bar su su kawo sunayen 'yan'uwansa, shekarar da ya tafi, inda ya nufa. Idan suka ambaci sunan da ba ku faɗa ba amma yana cikin littafinku, ko suka ɗauko hoton da irinsa ke rataye a gidanku, magana ta ƙare. A wasu wurare akwai rubutacciyar salsala. Gidaje da yawa a Sin suna ajiye littafin zuriya, a Haridwar ta Indiya kuma akwai malaman Hindu da suka gaji riƙe rajistar iyalai tun shekaru aru-aru. Inda babu wannan, a tambayi tsofaffi biyu ko uku daban-daban. Ba kowane mai kuskure ne mayaudari ba, wani son ya taimaki baƙo ne yake sa shi amsa abin da bai tabbatar ba.

Tsaraba fa, da kuɗi?

Tsarabar da ta fi kowace tasiri ita ce hotunan wanda ya tafi, da na 'ya'yansa da jikokinsa, a wanke su a takarda a rubuta sunaye a baya. Game da kuɗi, ayarin ya yanke shawara ɗaya tun kafin a tashi, kada wannan ya ba da da yawa wancan ya ji kunya. A tambayi mai shiga tsakani yadda ake bayarwa a wurin da hannun wanda ya dace a ba. Ku sani ciyar da ku nauyi ne a kan gidan ko da ba za su faɗa ba, a nemi hanyar rage musu shi cikin sirri. Alƙawarin da ake yi cikin hawaye, na ɗaukar nauyin karatun yaro ko nema wa wani biza, kada a yi shi sai an tabbatar za a cika. A kuma duba dokar kwastan: Tarayyar Turai ba ta barin matafiyi ya shigo da nama ko kayan madara daga mafi yawan ƙasashen waje, kuma tsabar kuɗi daga yuro 10,000 sai an bayyana.

Ba ma jin harshen. Manhajar fassara ta isa?

Ta isa sayen tikiti. Tsofaffin ƙauye da karin harshensu suke magana, wanda manhaja ba ta cika kamawa ba. A nemi tafinta ɗan yankin, a roƙe shi ya fassara komai har da mai ɗaci. Ku kuma ku koyi gaisuwa da sunayen dangantaka, don a ji ku kun kira dattijuwa da sunan da jika ke kiran kakarsa.

Wane shiri za a yi na takardu da lafiya?

Ƙasashe da yawa suna son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6. Shaidar rigakafin cutar shawara (yellow fever) tana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 ba ta ƙarewa har tsawon rai. Wanda ya girma inda babu zazzaɓin cizon sauro ba shi da garkuwar da danginsa na ƙauye ke da ita, kuma masu ziyarar dangi suna cikin waɗanda suka fi komawa da cutar, don suna ganin gida suka je. A ga likita da wuri, a yi inshora, musamman idan da tsofaffi a ayarin. A kuma tambayi ofishin jakadanci ko ƙasar tana ɗaukar ku 'yan ƙasarta ta hanyar iyaye, domin a wasu ƙasashe hakan yana jawo wa samari maganar aikin soja na dole.

Idan muka je muka tarar babu ƙauyen fa?

Yana faruwa. Tsohon garin Wadi Halfa na Sudan yana ƙarƙashin ruwan madatsar Aswan ta Masar. Tafkin Volta a Gana ya tashi mutum kimanin 80,000, madatsar Kwazazzabai Uku ta Sin kuma sama da miliyan ɗaya. Wasu ƙauyukan birni ne ya haɗiye su, wasu yaƙi ya share. Sai dai mutanen ƙauye galibi tare ake kwashe su, kamar yadda aka kai mutanen Wadi Halfa Sabuwar Halfa a gabashin Sudan. Don haka a daina tambayar ina ƙauyen yake, a koma tambayar ina aka kai mutanensa. Ofishin filaye da tsofaffin ƙauyukan maƙwabta sukan sani.

Bayan mun dawo, me ya rage a kanmu?

A aika musu hotunan da aka ɗauka tare, da kwafin salsalar da aka haɗa, ɓangarenku da nasu a takarda ɗaya. A juya muryoyin da aka ɗauka zuwa rubutu tun ana tuna wane ne ya faɗi me. Sannan kowane gida ya zaɓi mutum ɗaya, matashi ya fi, wanda zai riƙe lambar wayar takwaransa na can, ya kira idan an yi haihuwa ko aure ko rasuwa.